Zaren da Ba a Ɗaura Ba a Yashin Murjani

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya tsare teku a kan iyakarta, ya rataya abincin kowace halitta a jikin wata halitta. Ku matso ku ji, ku da kuka zauna gida kuka huta, labarin wanda ya ƙi zama, ya je ya gano wa idonsa abin da ya hana shi sukuni har tsufa.

Ni ne Shekarau ɗan Barmo, mutumin tudu, wanda ruwa mafi girma da ya sani yana yaro shi ne kududdufin bayan gari. Tun ina ƙarami Allah ya ɗora mini ciwon tambaya. In na ga shaho ya suri ɗan tsako sai in ce to shi shahon wa ke cinsa, in aka ce ba kowa sai in ce to me ya hana shi cika duniya. Malamai suka gaji da ni. Ƙarshe wani daga cikinsu, don dai ya rabu da ni, ya ce akwai wani gari a ƙarshen ƙasa, a bakin tekun da ba ya sanyi, inda mutane suka saƙa amsar tambayata da zare. Shi da wasa ya faɗa. Ni kuwa na ɗaure kayana.

Ba zan gajiyar da ku da hanyar tudu ba. Na ratsa filin gishirin da ke cinye takalmi, na ƙetare ƙasar da ake sayar da inuwa a kasuwa, na bi ayari na rabu da ayari, har ranar da na ji iska ta sauya wari, na hango ruwan da ba shi da ɗaya gefen. A nan wani mai kwalekwale ya ɗauke ni ya kai ni Yashin Murjani.

Garin yana zaune ne a kan wani dogon tudun yashi. Bayansa teku, gabansa wani faffaɗan tafki na ruwan gishiri mai ƙofa ɗaya tak zuwa tekun. Ruwan tafkin garau yake, in ka leƙa daga kwalekwale sai ka ga ciyawa shimfiɗe a ƙasa kamar gonar shinkafa, ƙananan kifi da jatan lande na ta kai da kawowa a cikinta. Mutanen garin masunta ne, matansu kuwa masu nutso ne, suna ciro kawa, wata 'yar halitta mai ɓawo da ake ci, daga ƙasan ruwa. Ba su da ganuwa, ba su da rumbu. Abin alfaharinsu ɗaya ne, Ɗakin Zare.

Ranar da aka shigar da ni ɗakin nan na ga abin mamaki. Wani ƙaton zaure ne, an rataye ƙorai a rufinsa, manya da ƙanana, sun fi a ƙirga. Kowace ƙwarya tana tsaye ne a madadin wata halitta ta tafkin, an zana siffar halittar a jikinta, an zuba mata yashi gwargwadon yawanta a ruwa. Daga ƙwaryar mai ci zuwa ƙwaryar abin da ake ci an ja zare ta kan sanduna masu santsi, mai kauri in cin yau da kullum ne, siriri in na jefi-jefi ne. In masunta suna so su san abin da zai faru idan suka tsananta kamun wani kifi, ba sa gardama. Sai a zo a ɗebe yashi daga ƙwaryarsa, a ja da baya a zuba ido. Wannan ta yi sama, waccan ta yi ƙasa, wata can a lungu da ba wanda ya zata ta karkace. Da abin da ƙorai suka nuna ake buɗe kamun kifi, da shi ake rufewa.

Mai riƙon ɗakin wata dattijuwa ce, Tasalla, wadda suke kira Uwar Zare. Gajeriya ce, ba ta da yawan fara'a, yatsunta duk sun yi kanta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in karatu na zo yi in fara da koyon rufe baki. Na ce mata Inna, wannan kam an gwada a garinmu ba a dace ba. Ta yi ɗan murmushi, daga ranar ta riƙe ni.

A wurinta na koyi dokar ɗakin. Ba a ɗaura zare da zato, ba a ɗaura shi da an-ce. Sai shaidu biyu baligai sun tsaya gaban jama'a sun ce sun gani da idonsu, ko dai sun ga ana ci, ko sun farka ciki sun tarar. Ta ce kakanninsu sun taɓa ɗaura zare da maganar wani mai kwarjini, suka yi shekarun yunwa kafin su gano zaren ƙarya ne. Tun daga nan suka rantse gani ya kori ji.

Ina cikin jin daɗin karatuna masifa ta sauka. Akwai wani ƙaton kifi mai haƙora jere-jere da suke kira kurar teku, wadda ke shigowa tafkin in ruwa ya yi ɗumi. Da wuya take taɓa mutum, tsofaffi ma sun ce rabonsu da jin haka tun suna yara. Amma wata safiya ta ɗauke Kuluwa, gwanar masu nutso, a gaban idon mijinta Dabo, yana cikin kwalekwale riƙe da igiyarta. Abin da ya jawo igiya ce kawai.

Gari ya ɗauki zafi. Bayan sadakar bakwai maza suka taru gaban Sarkin Ruwa suka ce a fita da masu da taru a ƙare kurayen nan, a kuma riƙa tsare ƙofar tafki kada wata ta sake shigowa. Sarkin Ruwa ya ce a tambayi zare. Aka cika ɗakin, Tasalla ta hau tsani ta juye yashin ƙwaryar kura har ƙwayar ƙarshe. Muka zuba ido. Ƙorai biyu na manyan kifaye suka ɗan yi nauyi, abin da ya faranta wa masunta rai. Ƙwaryar kififiya, wato kunkurun ruwa mai kiwo a ciyawar tafki, ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya, don zaren da ke tsakaninsu siriri ne kamar gashi. Ba kasafai ake samun kififiya a cikin kura ba. Ciyawa kuwa ko gezau.

Ana shirin tashi Tasalla ta ce tana da magana. Ta ce ɗakin bai yi ƙarya ba, amma tana jin akwai zaren da babu. Shekara da shekaru tana lura, in kura ta shigo tafki sai kififiyu su bar tsakiyar ciyawa su koma gefe, su yi ɗan tsinke su gudu, ciyawa ta samu ta murmure. In kura ta fita sai su dawo su kwanta a kai. Ba cinsu take ba, tsoronta ne ke kiwonsu. Kuma saiwar ciyawar nan ita ke riƙe da yashin da garin ke zaune a kai.

Wani ya tambaye ta ko an taɓa farka cikin kififiya an ga tsoro. Aka yi dariya, ba ta kula ba. Ta ce fatake sun ce mutanen Birnin Tsanwa, can kudu, sun ƙare kurayensu tun zamanin uban sarkinsu na yanzu. A tura shaidu biyu su gano yadda tafkinsu ya zama, su kuma gano ko kififiya na barin abinci don kura. In sun dawo sun shaida, a ɗaura zaren a sake tambaya. Sarkin Ruwa ya yarda a jira har iskar kudu ta juyo, ba ƙari. Tasalla ta zaɓe ni, don ba ni da gawa ba ni da taru a cikin maganar. Shi kuma ya zaɓi Dabo, kada a ce Uwar Zare ta tura 'yan korenta. Na ɗauka za ta ƙi. Ta ce gara haka, in Dabo ya ce ya gani babu mai musu.

Muka kama hanya, ni da mutumin da ba ya magana. Dabo dogo ne, baƙi, hannunsa kamar an haife shi da filafilin tuƙi. Ni ina gaba ina zuba, shi yana baya yana tuƙi, in na yi tambaya goma ya amsa ɗaya da kai.

Jarrabawarmu ta farko Kurmin Ƙafafu ce. Wasu itatuwa ne da ke tsaye a kan saiwoyinsu cikin ruwan gishiri, kamar mutanen da suka tattare riga za su ƙetare rafi. Hadari ne ya kora mu ciki. Da ya wuce muka nemi hanyar fita muka rasa, don duk cikar ruwa da janyewarsa sai wasu hanyoyi su toshe wasu su buɗe. Muka riƙa wuce gawarwakin kwalekwale a maƙale cikin saiwoyi, ƙaguwa na shiga suna fita. Ruwan shanmu ya kusa ƙarewa. Na fara tuba ina yafe wa malaman garinmu ɗaya bayan ɗaya.

Dabo ya jefa ƙugiya ya kamo wani babban kifi mai farin ciki. Na ce alhamdu lillahi, aƙalla mu mutu a ƙoshe. Ya harare ni. Ya ɗaure busasshen gora da doguwar igiya a wutsiyar kifin, ya jira ruwa ya fara janyewa, ya sake shi. Sannan ya yi mini bayani, mafi tsawo da na ji daga bakinsa tun fitowarmu, cewa wannan kifin ba ɗan kurmi ba ne, cikar ruwa yake bi ya shigo cin ƙanana, in ruwa ya juya dole ya koma teku. Muka bi goran nan yana ta lanƙwasa da mu, har muka hango tsuntsayen kwasakwasa sun yi layi suna jiran masu fitowa, bayansu kuma buɗaɗɗen teku.

Tun daga ranar ya ɗan sake da ni. Ya ba ni labarin Kuluwa a guntu-guntu, yadda take daɗewa a ƙasan ruwa da gangan don ta tsorata shi, yadda take fitowa tana dariya da kawa a baki. Ya ce shi ya ce mata ta yi nutso ɗaya na ƙarshe a ranar, don kwandonsu bai cika ba. Na ba shi haƙuri.

Birnin Tsanwa tun daga nesa ake hango koren tafkinsa. Da na gani na ce shi ke nan, Inna ta yi kuskure, ga ciyawa ta fi ta Yashin Murjani kyau. Wani babban jirgi mai hancin ƙarfe ya tarye mu a waje, aka ɗora kwalekwalenmu a kansa aka shiga da mu, ana jin wasu abubuwa na bugun cikinsa dum-dum. Aka sauke mu da girma, aka gaya mana dokar gari guda ce, baƙo ba ya nutso.

Abubuwa suka fara ba ni mamaki. Gari ne na bakin teku, amma ba a kawo mana kifi ba ko sau ɗaya, kullum naman kififiya, safe da yamma, har na fara jin bayana na tauri. Gidajen bakin ruwa duk an tokare su da gumagumai. Kuma kowane lungu ka leƙa mata da maza na saƙar tabarma suna tsoma ta a koren rini, ka rasa wane ne zai kwanta a kan wannan tabarmi haka.

Da rana ta take, masu gadi suka shiga inuwa, Dabo ya sulale cikin ruwa. Bai daɗe ba ya ɓullo da wani abu a hannu ya miƙo mini. Guntun tabarma ne kore, duk an tattauna gefensa. Ya ce ƙasan tafkin gaba ɗaya tabarmi ne aka danne da duwatsu, in ka ɗaga babu komai sai yashi tsirara, ba saiwa, ba jatan lande, ba ɗan kifi.

Ba mu gama magana ba aka kewaye mu. Sarkin Tsanwa bai yi fushi ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Mutum ne mai gajiyayyar fuska. Ya ce tun da mun gani, bari mu ji sauran. Ubansa ne ya ƙare kurayen, aka yi shekaru ana biki ana wasa shi. Sai kififiyu suka riƙa shigowa daga teku suna zama, ana kashe ɗaya goma na zuwa. Suka cinye ganye, suka tone saiwa. Kifi ya rasa inda zai ɓoye 'ya'yansa ya ƙaura, yashi ya fara gudu daga ƙarƙashin gidaje. Ya ce in fatake suka sani ba mai sake ba su 'ya ko hatsi, shi ya sa suke shimfiɗa. Wanda duk ya ga ƙasan ruwa ya zama ɗan gari. Ya sa aka ba mu ɗaki, da kaba, da tukunyar rini.

Ko ɗaure mu ba su yi ba, har kwalekwalenmu suka bar mana, don sun san ƙofar tafkin tana da masu tsaro. Kififiyu ne, maƙil, bisa kan juna, yunwa ta haukata su. Duk ƙaramin jirgin da ya nufo su sai su yanyame shi, su ciji igiya, su ciji filafili, su kifar da shi. Na zauna ina saƙar tabarma da hannun da bai iya ba, ina jin iska tana neman juyawa, raina na ƙuna.

Dabo ya samo wani gungumen rimi ya shiga sassaƙa a bayan ɗaki. Masu gadi suka tambaya ya ce turmi ne. Ni ma ban gane ba sai da na ga baki ya fito. Kura ya sassaƙa. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, ga faɗin kai, ga tsagogin wuya, ga zanen da ke gefen jiki, har da wani ɗan gutsure a fiffiken baya. Na tambaye shi gutsuren na mene ne. Ya ce haka wadda ta ɗauke Kuluwa take. Ya shafe ta da baƙin tukunya da mai, ya ɗaura mata duwatsu yadda za ta nutse kamu biyu, muka ɗaure ta a ƙarƙashin kwalekwale.

Da tsakar rana muka fita, don muna bukatar inuwarta ta faɗa ƙasa sosai. Mutanen gari suka taru a gaɓa suna kallon wawaye biyu za su kashe kansu. Muka doshi ƙofa, ina karanta duk abin da na haddace. Kififiyun farko suka juyo kanmu baki buɗe. Sai na ga ta gaba ta yi turus, ta juya, ta nutse. Ta kusa da ita ta bi. Kafin ka ce kwabo ruwa ya dare biyu, dabbobin da yunwa ta sa suke cin tabarma suna hawa kan juna don su ba gungumen rimi hanya. Har waɗanda ke da guntun tabarma a baki suka saki suka gudu. Ga shi kuwa yawancinsu ba su taɓa ganin kura a tafkin nan ba.

Da muka fita teku na tashi tsaye ina rawa har na kusa kifar da mu. Na ce Dabo ka gani, ka gani da idonka, zaren Inna gaskiya ne, kuma hannunka ne ya nuna shi. Yana duban ruwa. Can ya zaro wuƙa ya yanke igiyar, kurar rimi ta yi ƙasa. Na ce haba, ai da mun kai ta gida an gwada a gaban kowa. Ya ce nauyi take yi, ga iska ta juyo. Iskar kuwa ta juyo ɗin, sai na koma na zauna.

Mun iso gida a kan kari. Maza na wasa kaifin masu a bakin ruwa, amma ba a fita ba. Aka cika Ɗakin Zare, Tasalla ta fito da sabon zare mai kauri, ta riga ta murza shi tana jiranmu. Na tashi na ba da shaida, tun daga tabarma har darewar kififiyu, ban rage komai ba, wataƙila ma na yi yawa. Sarkin Ruwa ya juya ya ce Dabo ya faɗi abin da ya gani.

Dabo ya miƙe. Ya ce, “Ranka ya daɗe, na ga yashi ba ciyawa, ban ga wanda ya cinye ta ba. Na ga kififiyu sun watse, ban ga abin da ke ransu ba.”

Tasalla ta ce, “Dabo, ɗana, kififiya ta bar abinci don kura, ko ba ta bari ba?”

Ya dubi ƙasa ya ce, “Inna, katako na ja. Ban ga kura ba.”

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na yi tsalle na kira shi da sunayen da ba zan maimaita ba, sai da aka riƙe ni. Shi ko kallona bai yi ba. Sarkin Ruwa ya ce shaida ɗaya ba ta ɗaura zare, kuma mai riƙon ɗaki ba ta shiga cikin shaidu, ya tambayi Uwar Zare ko haka ne. Ta ce haka ne. Ta naɗe zarenta ta sa a aljihu.

Da jama'a suka watse na roƙe ta. Na ce Inna ke ce mai ɗakin, ki ɗaura shi, ki ce kin sake lissafi, wa zai hau tsani ya bincika. Ta ce in ta ɗaura ɗaya ba shaida, to duk sauran sun zama maganar tsohuwa, gobe wani mai ƙarfi zai zo ya ɗaura nasa. Na ce to garin fa? Ta juya ta ci gaba da duba ƙorai.

Aka fita farauta. Dabo ne a gaba, kuma an ce shi ya soki mai gutsuren fiffike. Aka kafa masu tsaro a ƙofar tafki. Da shekara ta zagayo ba a ga kura ba, Tasalla ta hau tsani ta sauke ƙwaryarta, don doka ce ba a barin ƙwaryar abin da babu. Aka fasa ta a bakin ruwa ana guɗa.

Na so in tafi, na kasa. Shekarun farko kifi ya yi araha, yara suna tsokanata suna ce mini Malam Tabarma. Sannan aka fara ganin faci-faci a cikin ciyawa kamar kan mai ƙazuwa. Da hankali ya fara tashi na sa aka sassaƙa kurayen katako aka zuba a tafki. Sun yi aiki wata ɗaya ko biyu, daga nan kififiyu suka gane katako ba ya cizo, har suna hutawa a inuwarsa. Aka janye masu tsaro daga ƙofa ana fatan kura ta dawo, ba ta dawo ba. Ruwan da yake garau ya zama kamar kunu. Masu nutso suka daina samun kawa. Wata damina teku ta cinye layin gidajen gabas, ta biyun ta ratsa tsakiyar gari. Mutanen Yashin Murjani dai ba su saƙa tabarma ba, wannan na shaide su. Da suka ga aikin gama ya gama sai suka fara ɗaure kaya.

Ranar tashi ina Ɗakin Zare ina taya Tasalla sauke ƙorai, ruwa na wanke mana idon sawu. Ta tsufa ƙwarai, ni ke hawa tsani tana nuna mini. Sai muka ji an yi sallama. Dabo ne. Rabona da yi masa magana tun ranar shaida. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Bayansa ga Sarkin Ruwa da wasu dattawa da ya je ya kirawo, don shaida ba ta yiwuwa sai gaban jama'a.

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya ce, “Inna, na zo ba da shaida. Na gani. Tun a ranar na gani.”

Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu. Ta yi masa tambayoyin doka ɗaya bayan ɗaya, kamar ba abin da ya faru, a ina, da wa, da idonka ko da jin wani. Ya amsa duka. Ta juya ta tambaye ni ko ina nan a kan shaidata, na ce ina nan. Ta sa hannu a aljihu ta fito da zaren, ashe duk shekarun nan yana jikinta. Ta sa na riƙe mata tsani ta hau da kanta, ta ɗaura bakinsa ɗaya a ƙwaryar kififiya, ta ja shi ta kan sanda, ta sauko da ɗaya bakin a hannu. Ta ɗaga kai tana duban gurbin da ƙwaryar kura take a da.

Ta ce, “Shaidarka ta karɓu, Dabo. To a jikin me zan ɗaura?”

Ta kamo hannunsa ta sa masa bakin zaren a tafi, ta rufe yatsunsa a kai. Sannan ta ce mini mu ci gaba, jirage na jira.

Muka kwashe abin da za mu iya. Da na dawo ɗaukar kaya na ƙarshe yana nan tsaye inda muka bar shi, ruwa ya kai masa ƙwauri, zaren na hannunsa. Na zo da zagin shekaru a bakina, na neme shi na rasa. Na ce masa Dabo, taho mu tafi. Ya ce in ya saki fa? Na ce ba abin da zai motsa. Sai a lokacin ya fashe da kuka, na kama shi muka fita.

Iyakar abin da na gano ke nan a ƙarshen ƙasa. Allah ya jiƙan Kuluwa, ya jiƙan Tasalla, ya yafe wa Dabo.